Ma'ajiya ɗaya, hannu da yawa: dalilin da ya sa Rust ya matsa wa `static mut` lamba

A ranar 20 ga Fabrairun 2025 aka fitar da Rust 1.85, sabon fitowar harshen rubuta manhaja na Rust, wanda ya zo da sabon bugun ƙa'idojin harshen, bugun 2024. Akwai sauye-sauye biyu a ciki da mai rubuta shafin intanet ko manhajar waya zai wuce su bai ma lura ba, amma sun tayar da ƙura a wajen masu aiki can ƙasa, inda manhaja ke haɗuwa da ƙarfe. Na farko, kwamfaila, wato manhajar da ke fassara kod zuwa abin da na'ura ke ganewa, ta daina yarda a ɗauki aro (izinin karanta ko sauya bayani ba tare da mallakarsa ba) a kan ma'ajiyar da aka ayyana da `static mut`, wato ma'ajiyar gama-gari da ake iya sauyawa, sai fa idan mai rubutu ya kashe wannan tsaron da hannunsa. Na biyu, umarnin `set_var`, mai sauya bayanan muhallin manhaja, wanda shekara da shekaru ake kiransa hankali kwance, ya koma cikin abubuwan da sai an kewaye su da kalmar `unsafe`, alamar cewa mai rubutu ya ɗauki nauyin tsaron da kansa. Duka biyun ciwo ɗaya suke magani: bayanan da kowa ke iya kai wa hannu, kuma kowa ke iya sauyawa.

Kafin manhajarka ta soma layinta na farko, akwai kod da ya riga ta tashi. Shi ne mai rabon ƙwaƙwalwa, mai tsara wane zaren aiki zai gudana yanzu (zare shi ne layin aiki guda cikin waɗanda manhaja ke gudanarwa a tare), mai karɓar sigina daga tsarin aiki, da direbobin na'ura, da kanel kansa, wato zuciyar tsarin aikin kwamfuta. A wannan hawa ba a iya guje wa ma'ajiyar gama-gari. Mai rabon ƙwaƙwalwa dole ya riƙe jerin guraben da babu kowa a ciki, kuma a mafi sauƙin tsari jerin nan ɗaya ne ga duk zaruruwan da ke cikin manhajar. Shawarar da ake ba ɗalibai, cewa su guji ma'ajiyar gama-gari, ba ta aiki a nan. Dole a yi tarayya, tambayar ita ce da wane sharaɗi.

Mu dubi matsalar da kyau. A ce akwai ma'ajiya mai ƙirga buƙatun da sabar ta karɓa, yanzu tana kan 41. A rubuce, ƙara ɗaya layi guda ne. A wajen furosesa kuwa aiki uku ne: ɗauko adadin daga ƙwaƙwalwa, ƙara masa ɗaya, mayar da shi. Zare na farko ya ɗauko 41. Kafin ya mayar, zare na biyu da ke gudana a wani kan furosesar shi ma ya ɗauko 41. Kowa ya ƙara ɗaya, kowa ya rubuta 42. Buƙatu biyu sun shigo, ɗaya aka ƙirga. Kamar yaran shago biyu ne a Dawanau da littafi ɗaya: kowa ya leƙa ya ga saura buhu goma, kowa ya sayar da ɗaya, kowa ya rubuta tara, sai da yamma maigida ya ƙirga ya tarar da takwas. Babu wanda ya yi sata, kuma lissafin kowannensu daidai ne.

Idan ƙirgen buƙatu ne kawai ya ɓace, da sauƙi. Amma a kod na ƙasa abin da ake ƙirgawa sau da yawa shi ne mutum nawa ke riƙe da wani abu a ƙwaƙwalwa. Idan ƙirgen ya ragu da ɗaya bisa kuskure, zai kai sifili alhali akwai mai amfani da abin, sai a saki gurbin a ba wani. Mai riƙe da tsohon manuni, wato adireshin gurbin, ya ci gaba da karatu da rubutu a gurbin da yanzu na wani ne. Daga nan ko manhaja ta faɗi, ko, abin da ya fi muni, mai kutse ya shirya abin da za a zuba a gurbin ya karɓe ragamar na'urar. A 2019 Microsoft ta bayyana cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na ɓarakar tsaro da take toshewa kowace shekara daga matsalolin ƙwaƙwalwa suke, kuma masu kula da Chromium, tushen burauzar Chrome, sun ba da adadi makamancin wannan game da manyan ɓarakokinsu. Ba duka ba ne daga rige-rigen zaruruwa, amma waɗanda suka fito daga nan su ne mafi wuyar kamawa, don ana iya gwada manhaja sau dubu ba su nuna fuska ba.

Alkawarin da aka yi wa kwamfaila

Abin da mutane da yawa ba su cika ganewa ba shi ne, ba zaruruwa kaɗai ne abin tsoro ba. Kwamfaila ba ta fassara kod layi bayan layi kamar yadda aka rubuta. Tana sake tsari, tana share abin da take ganin maimaici ne, tana ajiye adadi a cikin furosesa maimakon komawa ƙwaƙwalwa kowane lokaci. Tana yin haka ne bisa wani zato: babu wanda ke taɓa wannan ma'ajiya a bayan idonta. Tun ƙa'idojin C11 da C++11 na harsunan C da C++ a shekarar 2011 aka rubuta wannan ƙarara. Idan zaruruwa biyu suka taɓa gurbi ɗaya ba tare da daidaitawa ba, kuma aƙalla ɗaya rubutu yake yi, to harshen ya janye hannunsa, babu sauran wani tabbaci game da abin da manhajar za ta yi.

Ga misali da ya sha cin mutane. Zare yana zagaye yana jiran wata tuta ta koma gaskiya kafin ya ci gaba, wani zaren ne zai ɗaga ta. Kwamfaila ta dubi zagayen, ta ga babu abin da ke sauya tutar a cikinsa, sai ta karanta ta sau ɗaya tak kafin a shiga. Zaren ya maƙale har abada. Wanda ya rubuta zai rantse kod ɗinsa daidai ne, kuma idan ya kashe gyare-gyaren kwamfaila don ya bibiyi matsalar, sai ta ɓace.

Furosesa ma tana da nata halin. Na Intel da AMD suna kiyaye jerin rubuce-rubuce sosai, na ARM kuwa sun fi sake. A kan ARM, zare na iya rubuta bayanai sannan ya ɗaga tuta, amma ɗaya zaren ya ga tutar tun bai ga bayanan ba. Kod da ya yi shekaru yana aiki lafiya a kwamfutar ofis sai ya fara wargajewa ranar da aka kai shi waya, kuma kusan duk wayoyin da ke aljihunmu, Tecno ne ko Samsung ko iPhone, ARM ce a ciki.

Dokar Rust da ɓarakar da ke jikinta

Tun fitowarsa ta farko a hukumance a watan Mayun 2015, Rust a kan doka ɗaya ya tsayu: a kowane lokaci, ko dai masu karatu da yawa, ko mai rubutu ɗaya tilo, ba a haɗa su. Kwamfaila tana bin kowane aro tana tabbatar da haka kafin manhaja ta gudana. Akwai kuma alamomi biyu, `Send` da `Sync`, da ke faɗa mata wane irin abu ne ake iya miƙa wa wani zare, wane ne kuma ake iya tarayya a kansa.

`static mut` shi ne inda wannan bin diddigi ya gaza. Ma'ajiya ce mai suna ɗaya da kowane ɓangare na manhaja zai iya ambata, don haka kwamfaila ba ta da hanyar sanin aro nawa ke yawo a kanta. Rust ya ce to, a sa `unsafe`, nauyin ya koma wuyan mai rubutu. Matsalar ita ce alkawarin da mai rubutu ke ɗauka a nan ya fi ƙarfin abin da ido zai iya tabbatarwa. Don ka rantse aron da ka ɗauka shi kaɗai ne, sai ka san duk hanyar da kod zai iya bi a faɗin manhajar, har da wadda abokin aikinka zai ƙara baɗi. Kuma ba sai da zare biyu ba. Aiki ya ɗauki aron rubutu, ya kira wani aikin, wancan ya sake ɗaukar aro a kan ma'ajiyar, an karya doka a zare ɗaya. Bayanin da masu harshen suka fitar game da bugun 2024 ya ce ɗaukar aron da ya saɓa wa dokar kaɗai ya isa laifi, ko da ba a karanta ko rubuta komai da shi ba.

Aron kuma yana ɓuya. Ka ce a buga adadin ma'ajiyar a allo da `println!`, aro ne aka ɗauka a ɓoye. Ka tambayi tsawon jeri da `len`, shi ma aro ne. Mutum zai dubi layin ya ga babu alamar aro ko ɗaya. Shi ya sa aka fara da gargaɗi a Rust 1.77 a watan Maris na 2024, sannan bugun 2024 ya mayar da shi ƙin amincewa.

A ganina an yi daidai, har ma an makara. Amma masu ƙorafi ba shirme suke yi ba, don kowane madadin yana da farashinsa.

Idan adadi ne kawai, maganin mai sauƙi ne. `AtomicUsize` da 'yan'uwansa suna haɗe ɗaukowa da ƙarawa da mayarwa su zama aiki ɗaya da ba ya rabuwa, furosesa da kanta ke ba da wannan tabbaci. Sai dai mai rubutu zai zaɓi tsananin jeri, wato yadda za a kiyaye jerin karatu da rubutu tsakanin zaruruwa. `Relaxed` ya isa ga ƙirge zalla. Ga tutar da ke shelar cewa bayanai sun kammala kuwa, sai mai rubutu ya yi amfani da `Release`, mai karatu ya yi da `Acquire`, in ba haka ba an koma gidan jiya a kan ARM. Wanda ya zaɓi mai rauni bai karya dokar harshe a kan adadin kansa ba, amma zai iya rushe duk abin da ya gina a kansa.

Idan bayanan sun fi adadi ɗaya, sai kwaɗo. A nan ne Rust ya yi abin da ya fi burge ni. A C, kwaɗo daban bayanai daban, abin da ya haɗa su sharhi ne da wani ya rubuta a gefe: a riƙe wannan kafin a taɓa wancan. Sharhi ba ya hana kowa komai. A Rust bayanan suna cikin kwaɗon ne, wanda ake kira `Mutex`, babu hanyar kai musu hannu sai ta buɗe shi, kuma da ka fita daga wurin yake rufe kansa. Dokar ta tashi daga kan mutum ta koma jikin abin. Na ɗan lokaci ba a iya ayyana `Mutex` kai tsaye a matsayin ma'ajiyar gama-gari, wanda ya tura mutane da dama ga `static mut`, amma an gyara wannan a Rust 1.63 a 2022. Ga abin da sau ɗaya ake saita shi sannan a yi ta karantawa, `OnceLock` ya zo a 1.70, `LazyLock` a 1.80. Wato kafin a rufe tsohuwar ƙofa sai da aka gama buɗe sababbi.

Inda kwaɗo ba ya shiga

A ƙaramar na'ura irin wadda ke cikin mitar wuta ko inbata, furosesa kai ɗaya gare ta, sau da yawa babu tsarin aiki ma. Duk da haka rige-rige na nan. Babban kod yana tsakiyar sauya ma'ajiya, sai agogo ko wata na'ura ta katse shi, furosesa ta yi tsalle zuwa kod ɗin da ke amsa katsewar, shi kuma ya taɓa ma'ajiyar da aka bari rabi da rabi. Idan ka sa kwaɗo na yau da kullum, ka ƙara jagula lamarin: mai amsa katsewar zai tsaya jiran kwaɗon da ke hannun wanda ya katse, wancan kuma ba zai motsa ba sai wannan ya gama. Na'ura ta sandare. Abin da ake yi shi ne a toshe katsewa na ɗan taƙaitaccen lokaci yayin da ake taɓa ma'ajiyar, kuma masu Rust na ƙananan na'urori sun naɗe wannan a cikin ɗakin karatu (tarin kod da aka shirya don kowa ya yi amfani da shi) na `critical-section`, inda sai ka nuna shaidar cewa kana cikin wannan yanayi kafin a ba ka bayanan.

Mai rabon ƙwaƙwalwa shi ma yana da nasa tarkon: ba zai iya amfani da duk wani abu da shi kansa ke neman ƙwaƙwalwa ba, in ba haka ba zai kira kansa ba iyaka. A irin waɗannan wurare manuni tsirara ne mafita. Rust 1.82 ya kawo `&raw const` da `&raw mut`, waɗanda ke ba ka adireshin ma'ajiya ba tare da ka yi wa kwamfaila alkawarin keɓantaka ba. Haɗarin bai gushe ba, har yanzu kai ne za ka tabbatar babu rige-rige. Bambancin shi ne ba ka yi rantsuwar da ba za ka iya cikawa ba. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin dabarar rufe bakin kwamfaila, suna samar da manunin sannan su mayar da shi aro a layi na gaba. Wannan yaudarar kai ce, tsohuwar matsalar ce a sabuwar riga.

Labarin `set_var` kuwa ya nuna iyakar abin da harshe ɗaya zai iya yi shi kaɗai. A Linux da danginsa, bayanan muhalli na manhaja, irin su `TZ` da ke faɗin yankin lokaci, suna cikin jeri ɗaya na gama-gari da ɗakin karatun C ke kula da shi. Idan aka ƙara sabon bayani, jerin na iya ƙaura zuwa wani gurbi, wanda ke tsakiyar karanta tsohon kuma ya faɗa rami. Rust ya sa wa nasa ɓangaren kwaɗo, amma kod ɗin C da ke ƙasansa, kamar mai juya lokaci zuwa na gida ko mai neman adireshin sabar, bai san da kwaɗon ba, kai tsaye yake karantawa. A 2020 aka ba da sanarwar ɓaraka a ɗakin karatu na `time` a kan wannan dalili: manhajar da babu `unsafe` ko ɗaya a cikinta tana iya faɗuwa don kawai wani zare ya tambayi ƙarfe nawa yayin da wani ke sauya muhalli. Tun da ba za a iya tilasta wa C ba, sai Rust ya amsa gaskiya ya lakafta wa umarnin alamar haɗari. Shawarar a aikace ita ce a saita muhalli a farkon tashi, tun ba a haifi zare na biyu ba.

Python ya bi ta wata hanya dabam, kuma yana da kyau a kwatanta. Kowane abu a CPython, babbar manhajar da ke gudanar da Python, yana ɗauke da ƙirgen masu riƙe da shi, irin wanda muka gani a sama. Shekaru da dama abin da ke kare ƙirgen nan babban kwaɗo ne guda, GIL, wanda ke barin zare ɗaya kawai ya gudanar da kod ɗin Python a lokaci guda. Lafiya ta samu, amma furosesa mai kawuna takwas ta zama kamar mai ɗaya. Shawarar Sam Gross, PEP 703, wadda aka amince da ita a 2023, ta cire shi ta hanyar rarraba aikinsa. Zaren da ya ƙirƙiri abu yana riƙe da nasa ƙirgen mai sauri, sauran zaruruwa suna amfani da wani ƙirgen mai tsaro. Abubuwa irin su `None` an mayar da su marasa mutuwa, ba a ƙirga su sam. Jeri da ƙamus kowanne ya sami ƙaramin kwaɗonsa. Python 3.13 na Oktoban 2024 ya fito da wannan a matsayin gwaji, da raguwar sauri kusan kashi 40 cikin ɗari ga manhaja mai zare ɗaya, a 3.14 kuma aka sauko da ita zuwa tsakanin kashi 5 da 10. Abin da ya rage shi ne dubban ƙarin-kod da aka rubuta da C, masu ma'ajiyar gama-gari da suka jingina da GIL ba tare da sun taɓa faɗa ba. Don haka idan aka loda wanda bai shelanta cewa ya shirya ba, Python yana mayar da kwaɗon da kansa.

Akwai bambanci guda da ya kamata a riƙe. Hana zaruruwa biyu taɓa gurbi ɗaya barkatai abu ne daban da hana su cin karo a jerin matakan da suke bi. Dirty COW, ɓarakar kanel ɗin Linux da aka fallasa a Oktoban 2016, na nau'i na biyu ne. Mai kutse yana sa zare ɗaya ya yi ta ƙoƙarin rubutu a kwafin wani fayil da karatu kawai aka ba shi izini, ɗayan kuma yana ta ce wa kanel ya watsar da kwafin. Idan aka dace da daidai lokacin, rubutun sai ya sauka a kan asalin fayil ɗin, talakan mai amfani ya zama mai cikakken iko. Ɓarakar ta yi kusan shekara tara a kanel, ta shafi wayoyin Android masu ɗimbin yawa, kuma Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya rubuta a bayanin gyaran cewa ya taɓa ƙoƙarin toshe ta shekara goma sha ɗaya kafin nan, aka warware gyaran saboda ya kawo matsala a manyan injinan IBM na s390. Dokar aro ba ta kama irin wannan, don kowane mataki shi kaɗai halal ne, jerinsu ne ya ɓaci.

Duk da haka alƙaluman suna goyon bayan masu tsanantawa. Google ta ce rabon matsalolin ƙwaƙwalwa a ɓarakokin Android ya faɗo daga kashi 76 cikin ɗari a 2019 zuwa 24 a 2024, kuma ba ta hanyar sake rubuta tsohon kod ba, sai ta rubuta sabo da harsuna masu tsaro. Linux ya karɓi Rust tun bugun 6.1 a Disambar 2022. A Disambar 2025 aka ba da lambar ɓaraka ta farko ga kod ɗin Rust a kanel, a sabon direban Binder na Android, kuma rige-rige ne a kan wani jeri da zaruruwa ke tarayya a kai, a daidai wurin da aka kewaye da `unsafe`. Masu adawa da Rust suka ce ga shi nan. Ni abin da na gani shi ne an san inda za a duba: layuka kaɗan ne, da sharhin da ya faɗi zaton da aka yi, zaton kuma shi ne ya karye.

Ga waɗannan layukan da suka rage, kayan gwaji ne ke ɗaukar nauyi. ThreadSanitizer yana sa ido kan kowace taɓa ƙwaƙwalwa yayin da manhaja ke gudana, da jinkirin da kan kai ninki biyar zuwa goma sha biyar, don haka a ɗakin gwaji kawai ake kunna shi. Kanel yana da nasa, KCSAN, tun bugun 5.8. Miri yana gudanar da kod ɗin Rust a hankali yana kama karya dokar aro ko da manhajar ba ta faɗi ba, `loom` kuma yana jarraba jeri daban-daban da zaruruwa za su iya bi. Raunin mafi yawansu ɗaya ne: hanyar da gwaji bai bi ba, ba sa ganinta. Mai tsohon kod cike da `static mut` zai fi cin riba idan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ke rubutawa, wa ke karantawa, daga wane zare ko wace katsewa. Yawanci za a tarar ƙirge ne ko saiti na sau ɗaya, waɗanda ke da madadi a shirye. 'Yan kaɗan da suka ƙi sai a killace su a ƙaramin fayil guda mai ƙofa ɗaya, a rubuta sharaɗin a saman kowane `unsafe`, a kuma sa Miri ya bi ta kansu a duk lokacin da aka taɓa fayil ɗin.